Makarantar DeBakey ta birnin Hiyuston: sakandaren gwamnati mai share fagen aikin likita

A birnin Hiyuston, wanda Turawa ke rubutawa Houston, cikin jahar Teksas ta ƙasar Amurka, akwai wata makarantar sakandare ta gwamnati da aka keɓe domin yaran da ke da burin aikin kiwon lafiya. Sunanta makarantar Michael DeBakey, ana kuma faɗin sunan Dibeki. An buɗe ta a shekara ta 1972 da ɗalibai 45. A yau ɗalibanta sun kai wajen 900, maza da mata. Ba a biyan kuɗin karatu. Amma ba kowane yaro ke samun shiga ba, kuma ba duk wanda ya shiga ke kaiwa ƙarshe ba.

Karatun na shekara huɗu ne, daga aji 9 zuwa aji 12. Yaro yakan shiga yana da shekara 14, ya fita yana da 18. Idan aka auna da tsarin da muka sani a Nijar, wannan ya yi daidai da ajin ƙarshe na kwaleji haɗe da azuzuwa uku na lise.

Mi ake nufi da makarantar maganaɗisu?

Maganaɗisu shi ne mayen ƙarfe, wanda ke janyo allura da ƙusa daga inda suke. Amurkawa sun ari sunansa sun laƙaba ma wasu makarantun gwamnati, domin su ma aikinsu janyowa ne: suna janyo yara daga unguwanni daban-daban na gari zuwa wuri guda.

Kafin a gane amfanin wannan, sai an san yadda sauran makarantu suke. A Amurka, bisa al'ada, adireshin gida ne ke zaɓa ma yaro makaranta. An raba gari yanki-yanki, kowane yanki da tasa makarantar. Wani babban kaso na kuɗin makarantu kuwa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Saboda haka inda gidaje ke da tsada, makaranta takan wadata da malamai da kayan aiki. Inda talakawa suke, takan rasa. Ɗan talaka mai ƙwazo yana iya ƙare sakandare bai taɓa shiga ɗakin gwaji na kirki ba.

Akwai kuma batun launin fata. A jahohin kudu, har da Teksas, doka ce ta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Ranar 17 ga watan Mayu na 1954, kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa wannan rabuwa ta saɓa ma tsarin mulki. Sai dai hukunci bai sauya unguwanni ba. Farare na nasu gefe, baƙaƙe na nasu, makarantu kuma suka ci gaba da bin unguwanni. A farkon shekarun 1970 kotuna suka riƙa ba da umurni a kwashi yara cikin motoci daga wannan unguwa zuwa waccan domin a cakuɗa su. Iyaye da yawa suka ƙi. Fararen da ke da hali suka kwashe iyalansu suka koma bayan gari, wasu suka kai ƴaƴansu makarantun kuɗi.

Daga nan aka nemo wata dabara wadda ba ta buƙatar tilas. A kafa makaranta mai wani fanni na musamman da babu irinsa a sauran, kamar kimiyya, ko kiɗa da zane, ko aikin lafiya, a zuba mata malamai da kayan aiki, sa'an nan a buɗe ƙofarta ga yaran gari baki ɗaya. Iyaye da kansu za su kawo ƴaƴansu. Hukumar makarantun Hiyuston ta shimfiɗa wannan tsari a 1975, makarantar aikin lafiya da aka buɗe shekara uku kafin nan kuma ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙansa.

Dalilin kafa ta

Hukumomi biyu ne suka haɗa hannu: hukumar makarantun gwamnati ta Hiyuston, da Babbar Makarantar Likitanci ta Baylor, wadda ke horar da likitoci a birnin tun 1943. Ɗaliban farko a cikin gine-ginen Baylor ma suka fara ɗaukar darasi.

Abin da ya dame su a bayyane yake. A wancan lokaci baƙaƙen fata sun kai kashi 11 cikin 100 na mutanen Amurka, amma cikin likitocin ƙasar ba su wuce wajen kashi 2 ba. A Teksas, sai a 1949 makarantar likitanci ta jami'ar jahar, da ke garin Galbestan, ta karɓi ɗalibinta baƙar fata na farko, Herman Barnett. Ya kammala a 1953, daga baya kuma, a 1973, ya zama shugaban majalisar da ke jagorantar makarantun Hiyuston. Masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, waɗanda suke da yawa ƙwarai a Teksas, su ma haka abin yake gare su.

Malaman Baylor sun lura da abu guda: buɗe ƙofar makarantar likitanci kaɗai bai isa ba. Yaran unguwannin talakawa suna faɗuwa tun kafin su iso bakin ƙofar, domin ba su samu isasshen lissafi da kimiyya a sakandare ba, kuma galibinsu ba su da likita ko ɗaya a dangi da zai nuna musu hanya. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa aka sauko da horon zuwa shekara 14.

Har yanzu giɓin bai rufe ba. Alƙaluman ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka na 2018 sun nuna baƙaƙe kashi 5 ne cikin 100 na likitoci, masu asalin Latin Amurka kuma kusan kashi 6. Wannan ba batun rabon aiki kaɗai ba ne, ya shafi lafiyar jama'a. Wani bincike da aka yi a birnin Oklan na jahar Kaliforniya, wanda aka wallafa a 2019, ya gayyato maza baƙaƙe daga shagunan aski da kasuwanni zuwa wani ƙaramin asibiti. Waɗanda suka gamu da likita baƙar fata sun fi yarda a auna musu ciwon sukari da kitsen jini. Majinyaci ya fi sakin jiki da wanda yake ganin ya san rayuwarsa.

Mutumin da makarantar ke ɗauke da sunansa

An haifi Michael DeBakey a 1908 a jahar Luwiziyana. Iyayensa baƙi ne da suka yi hijira daga Labanan. Mahaifinsa mai kantin magani ne, mahaifiyarsa kuma gwanar ɗinki ce, ita ta koya masa riƙe allura tun yana yaro. Ya yi karatun likita a jami'ar Tulane. Yana ɗalibi, yana da shekara 23, ya ƙera wani famfo mai tura jini cikin bututun roba. Shekaru bayan haka, irin wannan famfo ya shiga cikin na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu a lokacin da ake yi ma mutum tiyatar zuciya.

Ya zo Baylor a 1948. A farkon shekarun 1950 ya sayi wani yadi mai suna Dacron a kantin tufafi, ya ɗinka shi kamar bututu a kan keken ɗinkin matarsa, ya yi amfani da shi wajen maye gurbin jijiyar jini da ta lalace. Har gobe ana sa ma majinyata jijiyoyin yadi irin wannan. An ƙiyasta ya yi ma mutane fiye da 60,000 tiyata. A 1996 an kira shi birnin Mosko domin ya ba da shawara a kan aikin zuciyar da aka yi ma shugaban Rasha Boris Yeltsin. A ƙarshen 2005, yana da shekara 97, babbar jijiyar zuciyarsa ta tsage, a 2006 aka yi masa aikin da shi kansa ya taimaka wajen ƙirƙirowa, ya kuma tashi. Ya rasu a watan Yuli na 2008, saura wata biyu ya cika shekara 100.

Shi ne shugaban Baylor lokacin da aka kafa makarantar sakandaren, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya mata. A 1996 aka sa mata sunansa, yana da rai.

Abin da ake koyarwa

Wanda ya ji sunan makarantar yana iya zaton allura da ɗaurin rauni ake wuni ana koyo. Gaskiyar magana, yawancin lokacin ɗalibi a kan lissafi da kimiyya yake tafiya. Ana buƙatar ya yi lissafi fiye da abin da jahar Teksas ta wajabta ma sauran makarantu, har ya kai ga lissafi mai zurfi na matakin shiga jami'a. Haka ma ilimin halittu, da ilimin sinadarai, da ilimin fiziks. Ga Ingilishi, da tarihi, da wani harshen waje. Da yawa cikin darussan manyan azuzuwa na matakin jami'a ne: idan ɗalibi ya ci jarrabawarsu ta ƙasa, wadda ake yi cikin watan Mayu, jami'o'i da dama sukan ɗauke masa maimaita su, abin da ke rage ma iyaye kuɗi.

A kan wannan ake ɗora darasin lafiya, kowace shekara cikin huɗun. A ƙananan azuzuwa ana fara wa da kalmomin likitanci, waɗanda akasarinsu daga Latin da Girkanci suka fito, da sassan jikin mutum da aikin kowane, da ladubban aiki: riƙe sirrin majinyaci, neman izininsa kafin a taɓa shi, wanke hannu, da kare kai daga kamuwa da cuta. Ana koyon auna zafin jiki, da bugun zuciya, da hawan jini, da yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Cikin makarantar akwai ɗakuna da aka shirya tamkar na asibiti, da gadaje da mutum-mutumi na gwaji, akwai na aikin haƙori, akwai na motsa gaɓoɓi. A nan ake yin kuskure a gyara, kafin a je gaban mutum mai rai.

A manyan azuzuwa ɗalibai suna fita zuwa asibitoci na gaske, su zagaya daga wannan sashe zuwa wancan. Ba su ba da magani, ba su yanke shawara a kan kowa. Suna tsayawa bayan likita ko ma'aikaciyar jinya, su kalla, su saurara, su yi tambaya. Ana kuma buƙatar kowane ɗalibi ya yi awa 100 na aikin sa kai domin jama'a kafin a ba shi takardar kammalawa.

Wannan zagayen asibiti shi ne abin da ya fi bambanta makarantar da sauran. Yaro ɗan shekara 16 yana gane ko zuciyarsa na iya ɗaukar ganin jini, da warin ciwo, da kukan dangi. Wani ya shiga da burin zama likitan tiyata, ya fito ya fi son ɗakin awon jini ko harhaɗa magani. Wani kuma ya gane cewa aikin gaba ɗaya ba nasa ba ne. Wannan ma riba ce, domin gara ya gane tun yanzu da ya gane bayan ya kashe shekaru da dukiya a jami'a.

Abu guda da baƙo zai yi mamaki: makarantar ba ta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, alhali a Teksas wasan daren Juma'a na ƴan sakandare kusan shi ne bikin gari.

Makaranta a tsakiyar asibitoci

Shekaru da yawa makarantar tana kan titin Shenandoah, nesa kaɗan da asibitocin, sai an ɗauki ɗalibai a mota. A watan Nuwamba na 2012 mutanen Hiyuston suka kaɗa ƙuri'a suka amince hukumar makarantu ta ci bashin dala biliyon 1.89 domin gina makarantu da gyara su, bashin da za a biya daga harajinsu. Daga cikin wannan kuɗi aka gina ma DeBakey bene mai hawa biyar, wanda ya ci fiye da dala miliyon 60. An tare cikinsa a 2017.

Sabon ginin yana cikin Cibiyar Asibitoci ta Teksas, wata unguwa guda da aka soma ginawa a 1945, wadda ba ta da komi sai asibitoci, da makarantun likitanci da na jinya, da ɗakunan bincike. Ana ɗaukarta a matsayin tarin asibitoci mafi girma a duniya. Ma'aikatanta sun haura 100,000. A nan ne asibitin MD Anderson na cutar sankara yake, da babban asibitin yara na Teksas, da asibitin Methodist inda DeBakey ya yi aiki, da asibitin Ben Taub na gwamnati wanda ke karɓar marasa hali. Ɗalibi na iya fita daga aji ya isa wasunsu da ƙafa.

Ƙofar shiga da ta fita

A nan ne ake yawan gardama. Masu nema sun fi gurabe yawa kowace shekara. Ƙa'idojin shiga sun sha canzawa, amma tushensu guda ne: ana duba makin yaro na azuzuwan baya, da sakamakon jarrabawarsa, musamman lissafi, kuma ana son ya riga ya fara aljabara kafin aji 9. Idan waɗanda suka cancanta sun yi yawa, hukumar makarantu takan yi ƙuri'a tsakaninsu. Galibi a aji 9 ake shiga. Wanda ya rasa a wannan shekara da wuya ya samu daga baya.

Sharaɗin aljabara a ido ƙarami ne, amma yana tace yara tun da wuri. Yaron da makarantarsa ta baya ba ta ɗora shi a kan wannan hanya tun yana shekara 12 ko 13 ba, ya makara kafin ma ya ji labarin DeBakey. Iyayen da suka yi karatu sun san lokacin cika takarda da darasin da ya kamata ɗansu ya zaɓa. Uwar da ke aiki biyu a rana, ko wadda ba ta jin Ingilishi sosai, tana iya rasa wa'adin. Ta haka makarantar da aka kafa domin waɗanda aka bari a baya takan cika da waɗanda dama suke kan gaba. Domin rage wannan ne Baylor da hukumar makarantu suka buɗe wata makaranta ta azuzuwa 6 zuwa 8 a 2013, a tsohon ginin makarantar Ryan, cikin wata tsohuwar unguwar baƙaƙe ta birnin, inda ake fara darasin lafiya da ƙarfafa lissafi tun yaro na da shekara 11.

Sai kuma fita. Aikin gida yana da yawa, wasu yaran kuma tafiyar mota mai nisa suke yi safe da yamma daga ƙarshen gari. Wanda makinsa ya faɗi akan ba shi lokaci da tallafi ya gyara, idan bai gyara ba ya koma makarantar unguwarsu. Wasu da kansu suke janyewa. Saboda haka ajin da ke kammalawa yakan gaza wanda ya shiga shekara huɗu baya. Makarantar takan fito cikin sahun farko a jerin makarantun Hiyuston da na Teksas da jaridu da ƙungiyoyi ke fitarwa, kuma kusan duk masu kammala ta suna wucewa jami'a. Wanda ke karanta irin wannan jeri ya kamata ya tuna cewa sakamakon na yaran da aka zaɓa ne, waɗanda kuma suka jure har ƙarshe. Akwai masu cewa makarantun maganaɗisu suna kwashe ma makarantun unguwa yara masu ƙwazo da iyaye masu sa ido. Masu kare su kuwa suna cewa ba domin su ba, da waɗannan iyaye sun bar makarantun gwamnati ɗungurum. Kowane ɓangare yana da tasa hujjar.

Bayan kammalawa

Takardar DeBakey takardar sakandare ce. Ba ta mai da mutum likita, ko ma'aikacin jinya, ko ungozoma. A Amurka, mai son zama likita sai ya yi shekara 4 a jami'a, ya ci jarrabawar shiga makarantar likitanci, ya yi wasu shekara 4 a can, sa'an nan ya yi horo cikin asibiti na shekara 3 zuwa 7 gwargwadon fannin da ya zaɓa. Yaron da ya shiga DeBakey yana da shekara 14 ba zai tsaya da ƙafarsa a matsayin likita ba sai ya kusa 30. Karatun jami'a kuma ba kyauta ba ne. Matasan likitoci da yawa suna fitowa da bashin wajen dala 200,000 a kansu. Aikin jinya ya fi kusa: shekara 2 ko 4 bayan sakandare, da jarrabawar samun lasisi.

Domin a gajarta ma wasu fargabar wannan doguwar hanya, a 1996 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin makarantar, da Jami'ar Hiyuston, da Baylor. An tsara a zaɓi ƴan kaɗan daga cikin masu kammalawa, waɗanda ba su wuce goma ba a shekara, su yi shekara huɗu a Jami'ar Hiyuston, a kuma ajiye musu gurbi a Baylor muddin sun riƙe makin da aka gindaya musu. Sauran suna watsuwa cikin jami'o'in ƙasar. Wasu sun zama likitoci, wasu likitocin haƙori, wasu masu harhaɗa magani ko masu bincike, wasu kuma sun bar fannin lafiya sun kama injiniyanci ko shari'a.

Inda aka bi sawunta

A 1984 Baylor ta taimaka aka buɗe irin wannan makaranta a garin Mercedes, a kudancin Teksas kusa da iyakar Meziko, yankin da ke fama da talauci da ƙarancin likitoci. A birnin Los Anjalas akwai guda biyu sanannu: King/Drew, wadda ta fara a 1982, take kuma yanzu a gefen wata jami'ar likitanci da aka kafa domin unguwannin baƙaƙe, da Francisco Bravo, wadda ke maƙwabtaka da babban asibitin gwamnati na birnin. Dukkansu suna da alaƙa da asibiti ko makarantar likitanci, domin zagayen asibiti ba ya yiwuwa sai da likitoci da ma'aikatan jinya da suka yarda su ja yara a bayansu.

A 2008 aka buɗe wata makaranta mai sunan DeBakey a birnin Doha na ƙasar Katar, bisa tsarin karatun ta Hiyuston. Ita wannan ta kuɗi ce, iyaye ke biya.